Wuyana a Hannun Inna

Shekarata hamsin da ɗaya lokacin da na yarda zan sake aure. Surutun mutane bai dame ni ba, don na daɗe da sanin yadda ake rufe bakin mai surutu. Abin da ya hana ni sukuni wuyana ne.

Ni malamar firamare ce a Birnin Kudu. Shekara ashirin da 'yan kai ina tsaye gaban allo cikin hijabi, daga gida sai makaranta, daga makaranta sai gida. Duk wanda ya san ni a waje, fuskata ya sani, daga goshi zuwa haɓa. Ita kuwa fuskar Allah ya rufa mata asiri, har iyayen yara kan ce wai ban cika arba'in ba, ni kuma ban taɓa musa musu ba. Amma in na dawo gida na cire hijabi na tsaya gaban madubi, sai gaskiya ta fito. Layi uku kwance a wuya, fatar ƙasan haɓa ta saki, ƙirji ya bushe ya yi ɗigo-ɗigon baƙi, duk ya yamutse kamar zanen da aka wanke aka matse ba a goge ba.

Da can ba haka yake ba. Maigidana, Allah ya jiƙansa, malamin dabbobi ne. Aikinsa yawo a babur cikin rugage da ƙauyukan Gwaram, yau Dingaya, gobe Kwandiko, yana yi wa shanu allura. Duk bayan wata huɗu sai ya dawo da ɗan gwangwanin madara, an rufe bakinsa da leda an ɗaure da zare. A ciki man kaɗe ne mai laushi, mai wani ƙamshi da ban taɓa ji a man kaɗen kowa ba. Sai ya ajiye min gaban madubi ya ce, "Ga man wuyanki." Sau ɗaya na tambaye shi inda yake samowa, tun muna sabon aure, ya ce daga can wajen Gwaram. Na ɗauka a kasuwa yake saye, ban sake tambaya ba. Shekara ashirin da bakwai ina shafawa safe da yamma kamar yadda mutum yake shan ruwa, ba tare da tunanin komai ba.

Da ya rasu akwai rabin gwangwani. Ban taɓa shi ba sai da na fita takaba, saboda ƙamshin. Daga nan na dinga lallaɓa shi har ya ƙare, na sa yatsa na ƙwaƙule gindin gwangwanin. Sau biyu na shiga mota takanas na je kasuwar Gwaram, na bi layin masu man kaɗe ina buɗewa ina shinshinawa, har wata ta gaji da ni ta ce, "Hajiya, in ba saye za ki yi ba, ki tausaya wa hancinki." Ban samu ba. Na dawo na haƙura, na ce wa ma zan yi wa? Haka wuyan ya zauna shekara huɗu ba mai kula shi, a ƙarƙashin hijabin roba, cikin gumi da zafi.

Sai ga Malam. Tsohon malamin gona ne da ya yi ritaya, matarsa ta rasu, 'ya'yansa duk sun kama gabansu. Mutum ne mai sanyin magana, in ya zo gaishe ni a zaure sai ya fi kallon takalminsa. Na so shi, ba zan ɓoye ba. Wata rana da la'asar ya ɗago ya ce, "Malama, ke dai fuskarki ba ta tsufa." Maimakon in ji daɗi sai tsoro ya kama ni. Fuska ya gani ya ce yana so. Ranar da zai ga sauran fa? Na dinga hango shi yana kawar da kai cikin ladabi, irin na mutumin da ya sayi abu ya ga ba haka ba amma kunya ta hana shi magana. Na ce wa kaina gara a fasa da in ga wannan kawar da kan.

Akwai wadda ta iya gyaran irin wannan, kuma duk yankin an san ta. Surukata ce, mahaifiyar marigayi, muna ce mata Inna. A Maruta ta ƙasar Gwaram take zaune, Bafulatana ce da Hausa ta cinye, ta doshi tamanin. Ba ta gyaran 'yan mata. Masu jego da zawarawa da matan da suka manyanta su ne mutanenta, daga ƙauyuka suke zuwa su zauna a tsakar gidanta. Ni ce kawai ban taɓa zama gabanta ba. Kunya ce tsakaninmu mai kauri. Ban taɓa cin abinci tana kallo ba, ban taɓa sauke mayafi a gabanta ba. Maigidana shi ne ɗanta na fari, don haka a al'adarsu ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi, in za ta yi maganarsa sai ta ce "wancan". Ko ranar da aka fita da gawarsa ban ga hawayenta ba, kuma na daɗe ina riƙe da wannan a raina.

Da maganar aurena ta tsaya, na aika ƙanin marigayi ya sanar da ita. Ya dawo ya ce ta ce Allah ya sa alheri. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Na juya maganar nan a raina har na gano fushi a cikinta. To da wane ido zan je in ce wa uwar mijina ta gyara min wuya saboda wani namiji?

Saura wata guda a ɗaura aure na shiga wani shagon gyaran jiki a cikin gari. Mai shagon matashiya ce da ta koyo aikin a Kano, kuma don Allah ta gaya min gaskiya. Ta duba wuyan ta ce, "Hajiya, dilkar amare da ruwan ɓare fatar nan na 'yan mata ne. Fatar manya ta yi siriri, sai dai mu bi a hankali, kaɗan-kaɗan, kamar sati shida." Kalmar "manya" ce ta sosa min rai. Na ce mata, "Ni ma amarya ce. Abin da kike yi wa amare shi za ki yi min." Ta yi, ba da son ranta ba. Washegari na koma, jibi ma na koma. A rana ta huɗu ta ce ba za ta ƙara ba ko nawa zan ba ta, na yi mata tatas na fito. Da na zo gida sai na matse lemon tsami na goge wurin da kaina, na zura hijabi na tafi makaranta cikin rana tsaka.

Kafin a tashi ina jin kamar an zuba min barkono. Da na cire hijabin sai da ya tafi da fata. Daga ƙasan haɓa har ƙirji ya yi jawur, wani wurin ya kumbura ya ɗuri ruwa. Na je asibiti, wata nas ta wanke ta ba ni maganin shafawa, ta kuma yi min faɗan da ban iya mayarwa ba. Na ɗauki hutu na kulle kaina a ɗaki. Malam ya kira na ƙi ɗauka. 'Yata da take aure a Gwaram ta kira, ita na ɗauka, na yi mata kuka na ce kada ta gaya wa kowa.

Kwana biyu bayan nan, da hantsi, ina zaune da waya a hannu ina rubuta wa Malam cewa a dakatar da maganar sai yadda hali ya yi, na ji sallama a tsakar gida. Inna ce, da sandarta, da ƙullin kaya a ka. Tun rasuwar ɗanta ba ta taka gidan nan ba. Na rarumi hijabi na zura a kan ɗanyen ciwo, na durƙusa ina gaishe ta. Ta amsa a taƙaice, ta zauna a tabarma, ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Cire," in ji ta.

Na tsaya ina murza bakin hijabi.

"'Yar nan, tun asuba nake hanya. Cire in gani."

Na cire. Na sunkuyar da kai ina jiran salati ko faɗa. Ta sa yatsa ɗaya a haɓata ta ɗaga, ta juya ni wajen haske, ta daɗe tana kallo.

"Wa ya yi miki wannan?"

"Ni na yi wa kaina, Inna."

"To da sauƙi, ba wanda za mu je mu zaga." Ta hango wayar a gefe. "Me kike rubutawa?"

Na gaya mata. Ta ce in ajiye wayar, ba a yanke magana da ciwo a jiki. Ta tambayi abin da asibiti suka ba ni, na nuna mata, ta ce in ci gaba da shi yadda suka ce. "Ni ba na taɓa ɗanyen ciwo. Su gama nasu, sannan in fara nawa."

Kwana takwas Inna ba ta sa min komai ba. Abin da ta yi kawai, ta tattara hijaban robana ta cusa a ƙasan akwati, ta ba ni wani tsohon farin mayafin auduga nata da wanki ya lausasa. Ta hana ni rana, ta hana ni tsayawa kan murhu, ita take girki da kanta a gidan da a da ko ruwa ba ta sha a gabana. In ɓawon ciwon ya fara ƙaiƙayi na kai hannu, sai in ji sanda a bayan hannuna. Raina ya dinga ɓaci. Ina ƙirga kwanaki, ita tana tsince gero tana hira da kaji. Na ce mata, "Inna, lokaci fa yana tafiya." Ta ce, "Saurin da kika yi ai kin ga inda ya kai ki."

A rana ta tara ɓawon ya zube da kansa, sabuwar fata ta fito. Sai da ta ƙara kwana uku tana dubawa kowace safiya, sannan ta kwance ƙullinta. Ta surfa gero ta ɗebi dussar, ta shanya a inuwa, ta tankaɗe da ƙyallen mayafi har sau uku, sai da ta koma kamar hoda. Ta kwaɓa da kindirmo mai sanyi. Ta zaunar da ni a ƙasa tsakanin ƙafafunta, bayana a jikin gwiwoyinta, ta kwantar da kaina baya.

Ban taɓa sanin hannu yana da hankali irin haka ba. Tafin hannunta ya yi kaushi da aikin shekaru, don haka ba ta taɓa ni da shi. Da bayan yatsu take aiki, daga tsakiyar ƙirji ta haura zuwa kafaɗa, daga gindin wuya ta haura zuwa haɓa, a hankali, ba dirzawa. Inda sabuwar fata take kuwa sai ta kewaye shi. Idon da na ɗauka ya daina gani sosai, ashe yatsun sun karɓi aikinsa, ta san inda fata ta yi siriri tun kafin in ce wash. Da na karɓa zan gwada, na shafo daga sama zuwa ƙasa, ta riƙe hannuna.

"Sama ake yi. Shekaru suna ja ƙasa, ke ma sai ki taya su?"

Na tambaye ta ko layukan za su tafi. Ba ta yi min ƙarya ba.

"Ba za su tafi ba. Ni laushi nake sawa, fata ta sha ruwa ta yi sheƙi, baƙin ya ragu. Duk wanda ya ce zai goge miki layi da abin shafawa, ƙona ki zai yi." Ta ƙara ɗebo kwaɓin. "Shi mutumin, saurayi ne?"

"Ya haura sittin, Inna."

"To shi ma ai yana da nasa wuyan."

Dariya ta kufce min, irin wadda rabona da ita tun kafin jinyar marigayi. Ita ko murmushi ba ta yi ba, ta ce in daina motsi.

Da ta wanke min dussar da ruwan ɗumi ta tsane da mayafi, sai ta jawo wata 'yar kwalla daga ƙasan ƙullin, ta buɗe a bayana. Ban ga abin da ke ciki ba, ƙamshin ne ya fara iso ni. Man kaɗe, da kajiji, da wani ɗan hayaƙi-hayaƙi a ƙarƙashi. Na san shi kamar yadda na san muryar babur ɗin marigayi tun daga kan kwana. Na juya da sauri har wuyan ya yi min zafi.

"Inna, a ina kika sami man nan?"

"A ina kuwa? Ni nake haɗawa."

"Wanda yake kawo min a gwangwani…"

Ta juyar da kaina gaba kamar ana yi wa yarinya kitso, don kada mu haɗa ido. Ta lakato man ta narkar da shi a bayan yatsunta ta fara shafawa, tana magana a saman kaina.

"Watanku biyu da aure wancan ya zo ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya. Ya kasa magana, sai ƙanwarsa ya aiko, wai sanyi ya busar miki da wuya. Na haɗa na ba shi. Bayan wata huɗu ya dawo da gwangwanin wayam ya ajiye a kan turmi ya tafi. Shi ke nan. Shi bai ƙara cewa komai ba, ni ma ban ce ba."

"Me ya sa ba ki taɓa gaya min ba?"

"Da wane bakin? In ce miki na san abin da ɗana yake kallo?"

Hawaye ya fara gangaro min har kan man da take shafawa. Ta sa bakin mayafi ta goge, ta ci gaba.

"Da ya tafi, hannuna bai daina ba. In lokacin ya zagayo sai in ga na ɗora mai a wuta. Amma ba mai kawowa. Kuma yaya zan aiko wa matar da mijinta ya rasu man ƙamshi? Sai ki ce me nake nufi. Da aka zo min da maganar aurenki na ce alhamdu lillahi, yanzu za ta zo. Na haɗa sabo. Kullum in na ji mota ta tsaya a bakin titi sai in gyara tabarma. Sai jikata, 'yarki, ce ta zo ta ce min kin je kin ƙona kanki."

"Na ɗauka fushi kike yi da ni."

"Fushin me? Kin yi jinyarsa wata biyu, ina gani. Ke kika ɗaga shi, ke kika kwantar." Ta yi gyaran murya. Yatsunta suka tsaya cak a gindin wuyana. Ban juya ba. Na bar mata kunyarta, ta gama abin da take yi a bayana, sannan yatsun suka ci gaba da hawa sama.

A ranar na kira Malam na ba shi haƙuri, na ce rashin lafiya na yi amma na warke. Ya ce har ya fara tunanin ko wani laifi ya yi.

Inna ta ƙara kwana goma tana yi min safe da yamma. Layukan suna nan, uku cif, har yau. Akwai kuma ɗan tabo a ƙasan haɓa, tukuicin taurin kaina. Amma fatar ta yi laushi ta kwanta, ƙirjin ya washe, in na taɓa ba na jin kamar na taɓa busasshen ganye. Ana saura kwana uku ta ɗaure ƙullinta. Na roƙe ta ta tsaya ɗaurin aure, ta ce wannan kuma ba wurin zamanta ba ne. Ta ciro gwangwanin madara, an rufe da leda an ɗaure da zare, ta ajiye gaban madubi. Na ce ta koya min yadda ake haɗawa, don kada in sake yawon shinshina a kasuwa.

"Zan koya miki, amma ba yanzu ba. In ya ƙare ki turo mutumin naki ya karɓa. Hanyar Maruta ba ta ɓata ba."

Washegarin tarewata na fito da safe ba hijabi, ba mayafi, na kawo wa Malam shayi. Ya dube ni da kyau, daga fuska har wuya, bai kawar da kai ba. Ya ce wane ƙamshi ne wannan mai daɗi, sannan ya ce a ƙara masa sukari.

Bayan wata huɗu gwangwani ya ƙare. Na wanke shi na ba Malam, na kwatanta masa gidan. Ya tafi da safe, bai dawo ba sai bayan la'asar. Ya ajiye gwangwanin a cike gaban madubi, ya zauna a bakin gado yana cire hula, fuskarsa ba walwala.

"Malama, ina jin tsohuwar nan ba ta so na."

"Me ta yi maka?"

"Ba ta yi min komai ba. Na durƙusa na gaishe ta, ko ɗagowa ba ta yi ta dube ni ba. Na faɗa mata sunana, ba ta kama ba ko sau ɗaya. Gwangwanin ma cewa aka yi in ajiye a kan turmi, a nan na dawo na same shi a cike. Ina zaune a zaure na ji tana ce wa wata mata, 'A kai wa wancan fura, kada ya koma da yunwa.'"

Na zauna kusa da shi na riƙe gwangwanin da hannu biyu. Ya ga ina kuka ya rikice, yana tambaya ko kada ya sake zuwa. Sai da na daɗe kafin na iya gaya masa cewa mutum ɗaya ne tak a duniya Inna ta taɓa kira da haka.